Bukka ko ɗaki? Amsa ga ɗana mai aikin tafinta a Kusiri

Ga tambayar yadda ta zo min daga Kusiri ta arewacin Kamaru: "Salamu alaikum Baba Malam. Ina aikin tafinta da wata ƙungiyar agaji a nan Kusiri, muna cike takardun mutanen da ruwa ya ci gidajensu. A takardar akwai wajen da aka rubuta abri de fortune da faransanci, ni kuma kullum bukka nake fassarawa. Rannan na tambayi wata tsohuwa nace Iya bukkoki nawa ruwa ya tafi miki da su, wallahi sai ta ɓata rai tace ita ba a bukka aka kawo ta aure ba, ta juya min baya. Kuma fa ɗakin nata rufin ciyawa ne. Ina kuskurena? Mene ne ainihin bukka?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, wani da sai yace tsohuwa ce kawai ta rikice ya wuce abinsa. Toh gaskiyar magana Iya ta fi ka gaskiya. Kai sama ka duba ka ga ciyawa, ita kuma ƙasa take nuna maka, wato bango. Duk inda aka kwaɓa ƙasa aka yi tubali, magini ya zo ya ɗora bango ya kai tsayin mutum, sannan aka ɗauko jinka aka kifa a kai, wannan ɗaki ne ko da kuwa rufin ya tsufa har ana hango taurari ta ciki. Ɗakin jinka ake ce masa, in zagayayye ne wasu su ce kago. Ita bukka ba ta da bangon ƙasa, jikinta da rufinta abu ɗaya ne, kara ko ciyawa ko zana tun daga ƙasa har tsororuwa, kuma wanda ya kafa ta ya san ranar da zai bar ta tun kafin ya ɗaure igiyar ƙarshe. Wannan na biyun shi ne zuciyar kalmar, ka riƙe shi, duk sauran bayanin da zan yi a kansa yake tafiya.

Bari in baka yadda na san ta da hannuna. Ina yaro mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana noman dawar rani ta masakwa a fadamun bakin Binuwai, wadda Fulaninmu ke cewa muskuwari, wancan lokacin kafin dam ɗin Lagdo da aka gama a 1982 ya rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun. Ana dashe in damina ta ja jiki, wajen watan goma, sai a zo girbi cikin sanyi wajen Janairu zuwa Fabrairu. To da zarar dawa ta fara kai sai tsuntsaye su sauko kamar hadari, dole wani ya kwana a gona, kuma mu yara aka fi turawa. Da hantsi za mu shiga daji mu saro tsumagun geza da sabara masu lanƙwasuwa, Baba ya tsaya ya ja da'ira a ƙasa da diddigensa, faɗinta bai fi mutum ya miƙe ƙafa ya bar wajen tulu ba, mu bi layin muna huda ƙasa muna soka itacen, sai a tanƙwaro kawunansu su haɗu a tsakiya a ɗaure da ɓawon kargo, a bi da tanka hawa biyu ko uku a zagaye, sannan a fara jera ciyawa daga ƙasa ana hawa sama, kowane layi ya rufe kan na ƙasa da shi saboda in an yi ruwa ya zurare waje. Ƙofa kuwa sai ka durƙusa za ka shiga, da dare a jingina mata guntun zana. Kafin la'asar an gama, ba magini ba lebura ba ko dala da ta fita. Ranar da aka kwashe dawa muka ɗauki tabarma da tulu da gwangwanin da muke kaɗa wa tsuntsu muka taho gida, ko waiwayenta ba mu yi ba, shanun Mbororo da suka shigo cin kara su suka ƙarasa ta. Baɗi a sake wata. Ka ga abin da ake cewa bukka kenan.

Shi ya sa ma in ka saurari tsofaffi ba za ka ji suna cewa an gina bukka ba. Gini na ƙasa ne da siminti. Bukka kafa ta ake yi, ko a ce an yi bukka, in da yawa ne a ce sun kakkafa bukkoki, in za a tashi a ce an tayar da su. Yanzu dai yara da 'yan jarida suna cewa "sun gina bukkoki", ana gane su, amma ni kunnena yana ƙaiƙayi in na ji. Kalmar mace ce, bukkar malam, bukkata, bukkarki, jam'inta bukkoki, kuma k ɗin nan biyu ba masu lanƙwasa ba ne, kada ka haɗa ta da buƙata kamar yadda na ga wani ya yi yana ta ƙoƙarin cewa wai daga can ta fito saboda mai buƙata ne ke shiga bukka. Kamar sauti ce kawai ta ruɗe shi.

Wani abin da mutane ke mantawa, a asali bukka ba alamar talauci ba ce. Mai shanu ɗari uku a bukka yake kwana a ruga, kuma a wajen makiyaya da yawa ma aikin mata ne kafa ta, mace ta san bukkarta kamar yadda matar gari ta san ɗakinta. Maƙeri yana da gidansa na ƙasa amma maƙerarsa bukka ce a ƙofar gida ko bayan gari. Fatake in sun sauka zango za su daɗe bukkoki suke yi. Almajirai in malam ya fita da su ci rani su sauka bayan gari su yi 'yan ɗakunan kara, abin da ake kira tsangaya kenan tun kafin kalmar ta koma nufin makarantar gaba ɗaya, kuma mutanen Barno ma sangaya suke cewa. Ko Kiristocinmu masu karatu da Hausa, bikin nan na Yahudawa da suke fita su zauna kwana bakwai a ɗakunan rassan itace don tuna zaman jeji, Idin Bukkoki aka fassara shi, kuma fassarar ta zauna daidai saboda zaman wucin gadi ake nufi. Duk waɗannan mutane abin da ya haɗa su shi ne suna kan hanya ko kan aiki, wurin ba mazauninsu na dindindin ba ne.

Sai maƙwabtanta da ake yawan cakuɗa su da ita. Ta farko rumfa. Rumfa dirkoki ne huɗu ko shida a kafa, a shimfiɗa itace a sama a ɗora zana ko kara, gefe a buɗe iska na wucewa. Inuwa ake nema da ita, ba a rufe ta a kwanta. Ita ce Fulani ke cewa danki, a Injamena kuma za ka ji ligdabe da Larabcin Chadi, masu faransanci su ce hangar. Ta kasuwa ma rumfa ce, ko da yake a ƙananan kasuwannin ƙauye inda ake kewaye ta da zana za ka ji ana cewa bukkar kasuwa, ba laifi. Abin da aka yi wa Annabi (SAW) ranar Badar wanda Larabci ya kira arish, za ka ji wani malamin yace rumfa wani yace bukka, kuma kowa yana da hujja tunda ganyen dabino ne aka haɗa na ɗan lokaci. Tanti kuwa abin masana'anta ne, an ɗinko shi da igiyoyinsa da ƙarafunansa, kai dai ka buɗe ka kafa. Ruga ba ɗaki ɗaya ba ce, dukan mazaunin ne da bukkokinsa da turken shanu, irin abin da Larabawan Shuwa ke cewa ferik. Kango gini ne da ya rasa rufi ko aka watse aka bar shi, shi da bukka ko hanya ba su haɗa ba. Akurki na kaji ne, amma in ɗakin haya ya cika ƙanƙanta sai ka ji mutum yace ai akurki nake ciki, wannan habaici ne.

Sannan akwai baca, wadda yaranmu masu zuwa Abuja da Legas suka dawo mana da ita a baki. Ita ce ɗakin da ake harhaɗawa da tsohon tol, wato kwanon rufi, da katako da kwali da buhun siminti a gefen gini ko bayan tasha. A ganina wannan kalmar ta toshe wani gurbi da Hausa take da shi, don bukka tana ɗauke da warin ciyawa da daji, ka ce bukka mutum ya hango gona ko ruga, alhali abin da ake kafawa a bakin kwata a babban gari da ruɓaɓɓen kwano wani abu ne daban. Sai dai a Kusiri ko Garwa ba kowace tsohuwa ce ta san baca ba, in ka ce ɗakin tol ko ɗakin kwano an fi saurin gane ka.

Wani abin dariya game da kalmar nan shi ne yadda ta yi yawo ta canja riga. Da Fulatanci bukkaaru ce, jam'i bukkaaji, kalma ɗaya ce da tamu sai wutsiyar da Fulatanci ke maƙala wa sunaye, ajinsu ɗaya da suudu, wato ɗaki. Daga bakin Fulani ta shiga faransancin Kamaru ta zama boukarou. To ka je masaukin baƙi a Waza ko Rumsiki ko wasu otal na Marwa ka ce a baka boukarou, za a buɗe maka zagayayyen ɗaki na siminti da gado da banɗaki, wani ma har da na'urar sanyi, ciyawar kawai aka ɗora a sama don Turawa su ji sun zo Afirka, kuma ka biya kuɗi masu kauri. Abin da muke kwana a ciki muna korar tsuntsu kyauta! Ina zargin ma nan ne kai ka zame, don ku 'yan lekol, masu bokon faransanci, kun saba duk zagayayyen abu mai rufin ciyawa boukarou ne ko case, sai ka juyo da shi Hausa kai tsaye. A kudancin Najeriya kuma ta bi wata hanyar, Yarbawa suka ɗauka suka ce buka, ma'ana wajen sayar da abinci a bakin titi, tunda masu tuwo a 'yan rumfuna suke zama, har ta kai a watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford na turanci ya shigar da buka da bukateria cikin kalmomin Najeriya da ya karɓa. Yau akwai gidajen abinci masu gilashi da ke kiran kansu buka. Mu da muke da kalmar ne kawai muka bar ta a ciyawa.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma ya shafi aikinka. Bukka tana iya zama gari. Dubi Darak. Da tafkin Chadi ya ja baya a shekarun fari, masunta da manoma, Hausawa da Barebari da sauransu, suka riƙa bin ruwa suna sauka a tudun da ya fito, kowa ya kafa bukkarsa da niyyar in kamun kifi ya ƙare ya koma. Ba su koma ba. Aka kawo mata, aka yi masallaci, aka yi kasuwa, aka fara ɗora bango. Sunayen wuraren ma sun isa shaida, Garin Wanzam, Doron Liman, Sabon Tumbu, Fagge. Sai da maganar ƙauyukan nan ta je har kotun duniya a shari'ar iyakar Kamaru da Najeriya da aka yanke ranar 10 ga Oktoba 2002, Najeriya ta janye daga yankin a Disambar 2003. Abin da ya fara da tsumagiya da ciyawa kenan. To a wace rana bukkar mutumin Darak ta daina zama bukka? Ranar da ya kwaɓa ƙasa. Mutum ba ya wahalar yin tubali a inda yake shirin bari.

Haka Minawawo kusa da Mokolo. An buɗe sansanin a 2013 saboda mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Barno, da farko tantuna ne da bash, wato tamfol, kowa yana cewa wata biyu uku ne a koma gida. Shekaru suka yi ta tafiya, bash ba ya jure ranar arewa, yana ƙonewa ya yayyage, mutane suka koma ɗora bangon ƙasa suna rufawa. Wanda ya yi shekara goma a wuri, ya haifi 'ya'ya a ɗakin da ya gina da hannunsa, in ka zo da takarda kace masa bukka me kake gaya masa? Shi kansa yana iya ce maka ai mu zaman bukka muke, yana nufin har yanzu zuciyarsa tana Gwoza ko Banki, wannan shi ya faɗa kuma yana da iko. Kai baƙo ba ka da shi.

Wannan ƙa'idar haka take ko a cikin gari. Alhaji zai gama gida mai bene a Garwa ya gayyace ka yace zo ka ga 'yar bukkar da na kafa, kowa ya yi murmushi, tawali'u ne, kuma yana kare kansa daga baki. Amma kai ka kuskura ka ce Alhaji na ga bukkar taka, ka ga yadda fuska za ta canja. In kishiya tana son ta ƙona ran 'yar'uwarta sai tace daga wace bukkar aka ɗauko ki. In ana rigimar fili sai ka ji ana cewa ai bukka ce kawai ya kafa, ma'ana ba shi da tushe a wurin, gobe ana iya tayar da shi. Kuma in meri, wato hukumar gari, za ta rushe wuri, kalmar da ke sauƙaƙa aikin kenan, a ce ai bukkoki ne. To ita Iya duk wannan ta ji a cikin tambayarka. Ɗakin da aka kai ta da guɗa, aka jera mata kwanoni da tasoshi, ta haihu a ciki, wataƙila a ciki aka yi wa mijinta wanka, kai ka mayar da shi abin kwana biyu. Kuma ba ranta kawai ka ɓata ba, in takarda ta tafi ofis da cewa bukka ta rasa, mai karantawa zai ɗauka ciyawa da itace ne suka tafi, alhali gini ne ya narke. Ka san yadda ɗakin ƙasa yake yi in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana uku, daga ƙasa yake jiƙewa ya zauna gaba ɗaya.

Amma kar ka ce daga yau ka jefar da kalmar, fassararka ba ta lalace duka ba. Abri de fortune abin da mutum ya harhaɗa ne da abin da ya samu bayan masifa ta same shi. Ka tuna ambaliyar 2022 da kogunan Shari da Lagon suka cika suka shiga Waliya da sauran unguwannin kudancin Injamena har gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, ko mutanen da suka tsallaka zuwa Chadi ta gadar Ngeli ko da kwale-kwale a Disambar 2021 lokacin rikicin Lagon Birni. Abin da suka fara kafawa a kan tudu da bakin hanya, sanda huɗu da zanin gado da gidan sauro da buhu da guntun bash, wannan bukka ce sak, ko da babu ko tsinken ciyawa a jikinta, saboda niyyar nan ta tashi tana nan. Kaga kayan sun canja amma kalmar ta bi su, shi ya sa bukkar leda da bukkar bash ko bukkar tamfol duk Hausa ce mai kyau. Masu labarai a rediyo suna son cewa matsugunin wucin gadi, ya yi a rubutu da rahoto, amma in ka faɗa wa tsohuwa haka sai ta ce me kace?

Saboda haka in kana cike takarda ka raba tambayar gida biyu. Abin da ruwa ya ci daban, inda mutum yake kwana yanzu daban. Na farko ka tambaya da ɗaki, ɗakuna nawa ne a gidan, na ƙasa ne ko na siminti, jinka ne a sama ko tol, in bukka ce su da kansu za su gaya maka, makiyayi ba ya jin kunyar cewa bukkoki uku ne, masunci ma haka. Na biyu ka ce yanzu a ina kuke kwana, ka bar su su ba shi suna. In kana aiki da masu Larabci ka kula, kuzi da suke faɗa yana iya zama zagayayyen ɗaki mai zaman kansa na shekara da shekaru, kar ka ji kuzi ka rubuta bukka ba ka tambayi bangon ba. Zana kuma in ka ji sekko ko sharganiye ita ce dai, kuma gida mai dangar zana ba ya zama bukka saboda dangarsa, rabin gidajen ƙauyukanmu haka suke.

Ita kuma Iya ka koma wajenta, kar ka aika wani. Ka tafi da ɗan goro in da hali, ka durƙusa ka gaishe ta da kyau ka yi mata jajen ruwa, kace Iya rannan bakina ne ya zame, ɗakuna nawa ne suka faɗi? Ka buɗe sabuwar takarda tun kafin ka zauna, don za ta lissafa maka har da rumbu da akurkin kaji.